Ku Dawo Min Da Faifan Kwamfutata Kafin Ranar Kasuwar Sara

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyar da ke tallafa wa ƙananan ɗakunan haihuwa na karkara, mai ofis a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, da fatan Allah Ya sa daminar nan ta ƙare mana da albarka. Ina kuma godiya da takowar da ka yi har ƙofar gidanmu don yi mana gaisuwar rasuwar maigidana. Allah Ya ba da lada. Zan dawo kan wannan gaisuwa, domin a zaurenmu, a ranar, aka ƙulla abin da nake ta fama in kwance yau.

Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta na ƙungiyarka ba. Ka san kanka, kuma ba tozarta ka nake so in yi ba. Abin da nake nema bai fi tafin hannu girma ba. Yana kwance cikin kwali a sitonka, makullin siton kuma yana aljihunka. Na zo ofishinka aka ce kana Dutse. Na sake zuwa aka ce kana taro, na zauna har azahar, sannan aka ce ka riga ka fita. Na kira waya ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, alama ta nuna an karanta, ba amsa. Shi ya sa na fito fili. Tunda ba a ji ni a ɗaki ba, wataƙila a ji ni a kasuwa.

Saboda masu karatu da ba su san ni ba: sunana Hauwa, ungozoma ce ni. Gidana yana Birnin Kudu, amma aikina yana wani ƙauye kusa da Sara a ƙasar Gwaram, a ɗakin haihuwar da mutanen garin suka gina da hannunsu. Na daɗe a wurin, har yaran da na fara karɓa sun soma kawo nasu matan awo.

Shekarun baya wata likita da ta yi aikin sa kai tare da mu ta bar mana ƙaramar na'urar sikanin, irin wadda ake jona wa kwamfuta da waya, a ɗora kanta a kan cikin mace, hoton abin da ke ciki ya fito a allo. Ta zauna da ni ta koya min iyakar abin da ya kamata ungozoma ta gani: yadda ɗa yake kwance, ɗaya ne ko biyu, bugun zuciyarsa, da inda mabiyiya ta zauna. Ban zama likita ba, ban kuma taɓa cewa na zama ba. Aikina in gane matar da ba ta dace da haihuwa a hannuna ba, in tura ta babban asibiti tun da sauran lokaci.

Na'urar ba ta aiki sai da kwamfuta, mu kuma ba mu da ita. Maigidana, marigayi Malam Idi, malamin sakandare ne. Shi ya shiga mota ya je Kano ya sayo min laftof ta hannu, mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya kawo ta cikin jakar da yake zuba takardun ɗalibai. Likitar ta sa manhajar na'urar a ciki da hannunta kafin ta tafi. Tun daga ranar kwamfutar nan da na'urar nan suke aiki tare, ba su taɓa ba ni kunya ba. Tsohuwa ce, na sani. Ni ma ba yarinya ba ce.

Malam ya rasu cikin bazara, ana tsakar zafi. Na shiga takaba a gidansa. Kwamfutar na bar ta a wurin aiki, a hannun mataimakiyata Asabe, domin da ita ake aiko muku da rahoton wata. Asabe ba ta kai ga riƙe na'urar sikanin ba tukuna, don haka ta naɗe ta ta kulle a kabad. Da na fita takaba na koma aiki, gero ya riga ya fara fitar da kai. Na ɗauko na'urar na jona. Kwamfutar ba ta ma nuna ta san an jona mata wani abu ba. Na nemi manhajar, babu ita. Allon gaba ɗaya ya sauya, kamar na shiga ɗakina na tarar an kwashe kayana an jera na wata. Sai a lokacin Asabe ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ai sun ce kin sani."

Ban sani ba. Ga abubuwan da nake so ka amsa.

Na farko. Kwamfutar nan ba taku ba ce.

Ba na raina abin da kuka yi mana. Ku kuka sa mana sola, kuna kawo safar hannu da magunguna, mun gode. Amma ba ku taɓa ba mu kwamfuta ba. Kun ce a riƙa aiko da rahoto ta intanet, na ce to, na riƙa aikowa da tawa. Ranar da ma'aikatanku suka zo ƙidayar kaya, suka bi ɗakin suna manna sitikar ƙungiya a kan duk abin da ido ya gani: gado, ma'auni, fanka, har agogon bangon da matan gari suka yi karo-karo suka saya. Butar alwalata sai da na ɗauke ta. Da suka zo kan kwamfutar na ce musu wannan tawa ce, mijina ya saya min. Babbansu ya yi dariya ya ce, "Hajiya, sitika ce kawai, ba ta cizo." Ga shi ta ciji. Da kuka yanke shawarar sabunta duk kwamfutocin ƙungiya, injiniyan da kuka ba aikin bai tambayi wa ya saya ba, sitika ya bi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙona min rai. Maganar izini.

Asabe ta yi abin da ya kamata. Ta ce wa injiniyanku kwamfutar ta Malama ce, a tambaye ta. Ya ce, "Haba, matar da ke takaba za a dama da maganar kwamfuta? Ai Shugaba zai je gaisuwa, zai yi magana da mutanen gidan." Kuma ka zo. Ka zauna a zaure kan tabarma tare da maza, ka aiko a gaishe ni a ciki, na amsa. Da za ka tashi, sai ka ja yayan mijina, Alhaji Sani, gefe, ka ce masa za ku gyara wa Hajiya kwamfutarta kafin ta fito. Ya ce madalla, Allah Ya saka da alheri.

Wannan shi ne izinin da sakatarenka ya faɗa min kuna da shi.

Alhaji Sani dattijo ne, ina ganin girmansa, ya riƙe mu riƙon amana tun ranar da ƙaninsa ya rasu. Amma hatsi yake saye da sayarwa. Ka tambaye shi gero na bana da na bara, zai bambance maka su da ƙamshi. Kwamfuta kuwa bai taɓa buɗe murfinta ba. Da na je masa da maganar, sai ya riƙe haɓa ya ce, "Hauwa, ni fa na zaci faɗuwa ta yi gilashin ya fashe. Mutum ya ce zai yi miki gyara kyauta a ranar makoki, in ce masa a'a?" Gaskiyarsa ce. Wa zai ce a'a? Ka tambayi mutumin da ba shi da abin, game da aikin da bai san shi ba, a ranar da ba a musu, ka kira amsarsa izini.

Ni kuma a lokacin ina bayan bango ɗaya tak da kai. Takaba ba ta toshe kunne, ba ta ɗaure harshe, ba ta kuma ɗauke wa mace mallakar kayanta. Na yi karatun addinina gwargwado, ban ga inda aka ce dukiyar mai takaba ta koma hannun wanda ke zaune a zaure ba. Da ka aiko wata daga cikin matan gidan ta ce min, "Za a sauya wa kwamfutarki manhaja," da jimla ɗaya zan mayar: kada a taɓa ta, na'urar sikanin a kanta take. Shi ke nan. Da ba mu kai ga wannan wasiƙa ba.

Za ka ce kunya ce da ladabi suka hana. To bari in tuna maka. Da rahoton wata na biyu da shigata takaba ya makara, sakatarenka ya kira ni a waya ina zaune kan tabarmar takabar nan. Ya yi gaisuwa a gurguje, ya shiga tambayata mata nawa aka yi wa allura, nawa suka haihu a gida. Na ba shi abin da na sani, sauran na ce ya nemi Asabe. Ashe ana iya kiran mai takaba. Da abin naku ne ya tsaya, an samo lambata. Da abin nawa ne za a taɓa, sai ladabi ya tashi. Irin wannan ladabi, Alhaji, ni ban gode masa ba.

Na uku. Aikin da aka yi.

Kada a ɗauka ni tsohuwa ce mai gudun sabon abu. Na san dalilinku, kuma ba dalilin banza ba ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wadda duk sauran manhajoji ke zaune a kanta, ta tsufa. Masu yin ta sun daina aiko mata da kariya, kwamfutar da ke hawa intanet da ita kuwa tamkar gida ne da ƙyaurensa ya ɓalle. Kuna riƙe da bayanan marasa lafiya, dole ku damu. Da an zo min da wannan magana, da na ce gaskiya ne, mu nemi mafita.

Amma tun da abin nan ya faru nake karatu a kansa a wayata, kuma duk inda na duba magana ɗaya ce. Kafin a ɗora wa tsohuwar kwamfuta sabuwar manhaja, a fara duba ko ƙarfinta ya kai. A tambayi mai ita wane aiki yake yi da ita, waɗanne na'urori yake jona mata, a tabbatar za su yi aiki da sabuwar. A kwafe kayansa a ajiye gefe. Ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Ko tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga.

Na sami injiniyanku a shagonsa, na tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Ya auna ƙarfinta? Ya auna, bai kai ba, sabuwar manhajar da kanta ta ƙi shiga. To sai aka yi yaya? Ya ce akwai dabarar da ake yi a tsallake wannan bincike, ya yi, ta shiga. Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda ya tura buhu goma sha a bayan jaki yana jiran a yaba masa. Na ce ya tambayi Asabe abin da ake jona mata? Ya ce a takardar aikinsa ba a rubuta sikanin ba, kwamfutar rahoto aka ce. Sai ya juyo min da allon ya ce, "Amma Hajiya dubi yadda ta yi kyau yanzu, kamar sabuwa."

Ta yi kyau. In na kunna ta da safe, sai in share ɗaki, in tafasa almakashi, in auna mace ɗaya, kafin ta gama farkawa. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe, gindinta na zafi har ba a ɗora ta a cinya. Batirin da yake kai mu la'asar yanzu ba ya kai azahar, a damina kuwa, ranar da hadari ya rufe, solar da kuka sa mana firjin allurai take fara ciyarwa, ba kwamfuta ba. Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ba zan iya haƙuri da shi ba shi ne na'urar.

Na ba shi ita ya gwada da hannunsa. Ya jona, ya cire, ya sake jonawa. Ya shiga intanet ya daɗe yana nema, sannan ya ɗago ya ce kamfanin ya daina yin wannan samfuri, ba su yi masa manhajar da za ta zauna da sabon tsari ba, tsohuwar ma sun sauke ta daga shafinsu. Shawararsa ita ce, "Ki sa ƙungiya ta sayo sabuwa kawai." Na ce to, ka ga an taɓa sayo mana ko ta farko? Wannan shi Bahaushe ke kira gyaran gangar Auzinawa.

Abu ɗaya Allah Ya tsare. Bai goge tsohon faifan ajiyar kwamfutar ba, wato wanda komai ke zaune a kansa. Ya ce faifan ya yi nauyin tafiya, don haka ya kwance shi ya sa wani. Tsohon yana nan yadda yake, da tsohuwar manhaja, da ta na'urar sikanin, a shirye. In aka mayar da shi mazauninsa aka ɗaure noti, kwamfutar za ta tashi kamar yadda na bar ta. Shi da bakinsa ya faɗa. Na ce to ba ni. Ya ce ba ya hannunsa. Duk faifan da ya cire daga kwamfutocin ƙungiya ya zuba a kwali ya miƙa ofishinka, kuma ka ba da umarni a ƙarshen wata a kai su Kano a goge su tas, don kare sirrin marasa lafiya.

Sirrin matan nan, Alhaji, a hannuna yake tun kafin a kafa ƙungiyarka. Na san wadda ta yi ɓari ba ta gaya wa uwar mijinta ba. Na san abin da ba ya cikin kowace kwamfuta. Ban ƙi a goge faifan ƙungiya ba, ku goge naku. Nawa ba ya cikin naku, sitika ce ta kai shi.

Na huɗu. Dalilin gaggawa.

Akwai wata mace da zan kira Rakiya. Ba sunanta ba ne, kuma da yardarta nake faɗin wannan. Cikinta na huɗu ne, ya shiga wata takwas. Ina gab da fita takaba ta ga jini, ba ciwo, ba naƙuda, jini kawai, ya zo ya tsaya. Da na dawo na duba ta, kan ɗan yana can sama, bai nemi hanya ba. Duk ungozomar da ta ji wannan ta san abin da zuciyarta za ta fara raya mata: kada dai mabiyiya ce ta sauko ta tare ƙofar mahaifa. Idan haka ne, ranar da naƙuda ta tashi jini ne zai riga ɗa fitowa, kuma ba irin jinin da ake tsayarwa da hannu a ɗakin ƙauye ba ne. Sai tiyata, sai ƙarin jini, sai babban asibiti. Hannuna yana gane kwanciyar ɗa, amma hannu ba ya ganin mabiyiya. Na'urar nan ce take gani.

Kada wani ya ce ai sai ki tura ta asibiti. Na tura. A ranar na rubuta mata takarda zuwa babban asibiti a Birnin Kudu, inda suke da na'urorin da suka fi tawa nesa ba kusa ba. Na gaya mata, na gaya wa mijinta, na je har gida na gaya wa surukarta. Na sa mai unguwa ya yi magana, liman ma ya yi. Surukar ta ce jinin ai ya tsaya, su ma sun ga irinsa a zamaninsu, ga su nan da ransu. Mijin ba mugu ba ne. Manomi ne a tsakiyar damina, ciyawa tana cin gonarsa, ga mata tana tafiya da ƙafarta tana girki, ga wata ungozoma tana ce masa ya bar komai ya ɗauke ta zuwa birni, wataƙila su zauna can har ta haihu, saboda abin da ba wanda ya gani.

A nan ne ku da kuke ofis ba ku san aikin da na'urar nan take yi ba. Kun ɗauka ni take nuna wa ciki. Rabin aikinta ke nan. Sauran rabin, maza take nuna wa. Shekara da shekaru na yi ina magana da baki, ana ce min to Malama, a fita a koma gida. Da na'urar ta zo sai na sauya dabara. In na ga abin da ban so ba, sai in nemi yardar matar, in rufe ta da zane, in kira mijin ya shigo ya tsaya ta wajen kanta. In juya masa allon in ce ga kan ɗanka, ga bayansa, ga zuciyarsa tana bugawa, ga kuma abin da ya tare masa hanya. Na ga maza masu taurin kai sun cire hula a gaban allon nan. Gani ya kori ji. Mutanen garin ba su ce mata kwamfuta, talabijin ɗin Malama suke cewa.

Maƙwabcin mijin Rakiya, wani mai suna Sale, haka aka yi da shi bara waccan. Ɗansa a gicciye yake kwance. Ya rantse matarsa a ɗakinta za ta haihu. Na nuna masa, ya tsaya yana kallo, washegari ya nemo mota. Yaron yanzu yana gudu a tsakar gida. Mijin Rakiya ya san wannan labari, da shi ma ya kafa min hujja. Ya ce, "Malama, ban ƙi maganarki ba. Ki nuna min a talabijin ɗin nan kamar yadda kika nuna wa Sale. In na gani da idona, wallahi a ranar zan jingine fartanya." Na ce na'urar ta samu matsala. Ya ce, "To ai kin ji. In ta warke sai mu zo."

Da ƙyar na samu ya yi min alkawari ɗaya. Ranar kasuwar Sara mai zuwa zai fito sayen taki, zai ɗauko ta a babur ya biyo da ita ta wurina. Na san mutanena. Idan ya zo ya tarar da allo ba hoto, ba zai sake zuwa ba, kuma zai tafi da hujjar da zai ba duk wanda ya sake yi masa magana. Tsakanin ƙauyensu da titi akwai rafi, in aka yi ruwa mai ƙarfi babur ba ya haye shi sai ya janye. Kullum hadari ya haɗu, ita nake tunawa.

Mai yiwuwa in duba in ga mabiyiyar tana can sama lafiya lau, tsorona ya zama na banza. Zan fi kowa murna, kuma duk da haka zan ce su je a duba dalilin jinin. Amma ban sani ba, Alhaji. Abin da zai sanar da ni yana cikin kwalinka yana jiran motar Kano.

Ga buƙatuna.

A buɗe siton a ciro faifan kwamfutata a ba ni kafin ranar kasuwar. Injiniyanku ya ce ya manna wa kowane faifai takarda da sunan garin da ya fito, don haka ba neman allura cikin ruwa ba ne. In zai mayar da shi da hannunsa, bismillah. In ba shi da lokaci, a miƙo min kawai, akwai masu gyara a Birnin Kudu. Sabon faifan da ya sa kuma ku karɓi abinku.

Daga ranar ba zan sake hawa intanet da kwamfutar ba. Za ta zauna ita da na'urarta, ba abin da zai shige ta daga waje, damuwarku ta tsaro ta ƙare. Rahoton wata kuwa, in kuna son sa ta intanet, ku kawo kwamfutar da za a aiko da shi, ku ɗora mata duk sabuwar manhajar da kuke so. In babu, zan rubuta da biro in ba direban da ke zuwa Birnin Kudu, kamar yadda muke yi da.

Kafin kwalin nan ya tafi Kano, a kira kowace ma'aikaciya da aka taɓa kwamfutar wurinta, daga Yalwan Damai har Surko, a tambaye ta ita da kanta ko akwai abin da ya daina aiki. Ban san ko akwai ba. Ku ma ba ku sani ba, tunda ba ku tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A zo a ɓare sitikar nan daga kan kwamfutata, da agogon matan gari.

Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi diyya ba. Ban ma nemi a ba ni haƙuri ba, ko da yake in an bayar zan karɓa.

Akwai wasu abubuwa a kan faifan da ban sa su cikin ƙorafina ba. Tambayoyin jarrabawar da Malam yake bugawa in ya ari kwamfutar a ƙarshen zango suna ciki. Hotonsa ne a allon farko, shi ya sa da kansa don tsokana, ya ce in riƙa tuna wanda ya saya. Da don su ne kaɗai, da na yi shiru na bar wa Allah, kamar yadda na bar maSa mai hoton. In faifan ya dawo, fuskarsa ce za ta fara fitowa, kuma ban san yadda zan ji ba. Zan daure in wuce ta in buɗe manhajar sikanin, domin akwai mace kwance a gado da mijinta tsaye yana jira.

Ana gobe kasuwa zan zo ofishinka da sassafe, da kwamfutar a jakar Malam. In kana Dutse, ka bar makullin wurin sakatare. In kana taro, zan zauna a bencin ƙofa har ka fito, ta kowace ƙofa ce. Kada ma'aikatanka su yi zaton zan gaji in tafi. Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗaki ɗaya. Na iya zama.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da wannan shugabanci lafiya, Ya tsare matan gidanka da 'ya'yanka mata ranar da suka durƙusa haihuwa, Ya haɗa su da wanda zai ga abin da ke tafe tun kafin ya iso. Allah Ya sauki Rakiya lafiya. Allah Ya jiƙan Malam Idi da dukkan musulmin da suka riga mu.

Wassalam.

Hauwa, ungozoma,
daga ƙasar Sara, Gwaram.